Dokin Barga da Dokin Zuciya

Bayan Babbar Sallar da ta wuce mun je dubo wani yaron unguwar nan da doki ya kayar. Shekarunsa ba su wuce 17 ba. Abokansa ne suka haɗa kuɗi suka ɗauko hayar doki don a yi hoto a saka a waya, aka naɗa masa rawani aka ɗora shi. Wani direban danfo ya danna hon a bayansu, dokin ya zabura, yaron ya ja linzami da iya ƙarfinsa yana ihu, sai dokin ya miƙe tsaye ya watsar da shi a bakin kwata. Ƙashin kafaɗarsa ya karye. Allah dai Ya taƙaita, don da kai ne ya bugu, da yanzu wani zancen ake yi. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne abin da ya biyo baya: mai dokin ya zane shi da bulala a gaban jama'a, yana fizgar linzami har bakin dabbar ya yi jini, wai don ya koyi hankali.

Da daddare bayan Isha'i aka ɗauko zancen a majalisa. Wani matashinmu da ke aiki a wata barga ta masu hali can tsibiri ya ce ai shi maigidansa, tun da ya faɗi a kan doki bara, sai ya ɗauki wani mutum yana biyansa. Mutumin nan ko ragama ba ya taɓawa, zama kawai suke yi suna magana a kan tsoro da fushi da yadda zai koma kan sirdi. Wai sunan aikinsa kocin rayuwa. Aka fashe da dariya, wani ya ce kuɗi ne suka yi wa mutumin yawa. Akwai wani dattijo cikinmu, mutumin ƙasar Katsina, mai sayar da goro, wanda ya yi ƙuruciyarsa a barga. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Yara, me kuke wa dariya? Ai mu da wannan aka raine mu. Sai dai ba a biya, kuma ba a sa masa suna ba."

Maganar nan ta Baba ita ta sa muka zauna muka yi wannan rubutu. Mu 'yan kasuwa ne, hawa ba sana'armu ba ce, amma da yawanmu jikokin masu doki ne, kuma 'ya'yanmu ne yau ke riƙe da ragamar dawaki da yawa a garin nan, daga bakin teku har filin wasa. Ya kamata mu san abin da aka baro a gida lokacin da aka kawo doki Kurmi.

Mene ne aikin kocin rayuwa?

Kalmar koci mun san ta a ƙwallon ƙafa. Amma wannan nau'in, mai horar da tunani, bai daɗe ba a ƙasashen Turawa. A 1974 wani Ba'amurke mai koyar da wasan tanis, Timothy Gallwey, ya fitar da littafin da ya yi tashe, inda ya nuna cewa abin da ya fi kayar da ɗan wasa yana cikin kansa, wato fargaba da yawan zargin kai. Daga fagen wasa aka ɗauki dabarar zuwa ofisoshi da rayuwar yau da kullum, har a 1995 wani mai suna Thomas Leonard ya kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka, wadda ake kira ICF. Masu hawan doki suna cikin waɗanda suka fi rungumar abin, saboda su wasansu da mai rai suke yinsa.

Shi wannan koci ba ya koya maka ɗaura majayi ko zama a sirdi, wannan aikin wani ne. Nasa aikin tambaya da sauraro. Zai tambayi mahayi: me kake tsoro takamaimai, faɗuwar ce ko idon mutane? Me kake faɗa wa kanka lokacin da ka sa ƙafa a likkafa? Daga nan sai su yanka buri ƙanana ƙanana. Wannan makon ka tsaya kusa da dokin kawai ka goge masa jiki, mako mai zuwa ka ja shi da ƙafa, na gaba ka hau a yi tafiya a hankali ta minti goma. Yana koya masa sassauta numfashi, da sakin kafaɗa, da bin hanyar da zai bi a zuci tun kafin ya hau. In an sauka sai a zauna a yi bita, me ya yi kyau, me ya ɓaci, ba tare da zagin kai ko zagin doki ba.

Dalilin da ya sa wannan ke aiki yana jikin dokin ne. Doki dabba ce da a daji farautarta ake yi, don haka a halittarsa gudu ne maganin duk abin da bai gane ba. Idanunsa a gefe suke, yana ganin kusan ko'ina in ban da daidai bayansa da dab da goshinsa. Fatarsa tana jin saukar ƙuda. To dabbar da ke jin ƙuda, yaya za a yi ta kasa jin cinyar mutum ta ƙage ko hannunsa yana rawa? A 2009 masu bincike a ƙasar Suwidin suka gwada wannan. Suka sa mutane su ja dawaki ko su hau su bi wata gajeriyar hanya sau huɗu, suka ce musu a karo na huɗu za a buɗe lema kwatsam a gaban dokin. Ba a buɗe lemar ba, amma bugun zuciyar mutanen ya ƙaru, na dawakin ma ya ƙaru tare da nasu. Dokin bai ji zancen lema ba, tsoron mai shi ya ji. A 2016 kuma, a Jami'ar Sussex ta Ingila, aka nuna wa dawaki hotunan fuskokin mutane, aka ga zuciyarsu ta fi saurin bugawa idan fuskar ta mai fushi ce.

Kun ga ke nan abin da ya faru da yaronmu. Hon ɗin danfo ya tsorata dokin sau ɗaya, ihun yaron da fizgar linzami suka tabbatar masa cewa lallai akwai abin tsoro.

Makarantar barga

Doki ya daɗe a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Ya kuma ambaci Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, da fara dawakin zage, waɗanda ake ja babu mahayi don a sauya idan na hawa ya gaji. Dubi sarautunmu ma: Madaki, Ubandawaki, Barde, Shamaki, Sarkin Zagi. Cikin masu zaɓen sarki huɗu na al'ada a Kano, biyu sunan doki ne a sarautarsu, Madaki da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ga garuruwa irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ga sunayen launi da Bahaushe ya ware wa doki shi kaɗai: kili, akawal, danda, hurde, bidi, gunya. Mutanen da suka yi wa dabba irin wannan rabe-raben suna, ai sun zauna da ita sun kalle ta da kyau.

Mahayin yaƙi kuwa ba a rana ɗaya ake yinsa ba. Ka ɗauki ɗan lifida. Shi da dokinsa duk an lulluɓe su da auduga mai nauyi, ga zafin rana, ga ƙura, ga ƙarar tambura da kuwwar mutane, ga kibau suna sauka. Duk abin da ke cikin halittar doki yana ce masa ya juya ya gudu. Abin da ke tsayar da shi shi ne natsuwar wanda ke bayansa, da sabon da ke tsakaninsu. In zuciyar barde ta karye, dokinsa ne zai fara sani kafin abokan gaba.

Yadda dattawa suka ba mu labari, yaro ba ya fara barga da hawa. Da lauje yake farawa, ya yanko ciyawa. Sai kwashe kashi da share gindin turke. Sai ba da ruwa da kanwa, da dusa da harawa, a kan lokaci, kullum, ko ana ruwa ko ana sanyi. Sai wanka da goge jiki da duba kofato. Sai a ba shi ragama ya ja doki zuwa rafi. In an ga hankalinsa, sai a bar shi ya hau babu sirdi a dawo da shi gida a hankali. Sirdi da linzami su ne na ƙarshe, kuma tsakanin lauje da linzami ana iya shekaru.

A duk tsawon wannan lokaci akwai babba a barga da ke kallon yaron fiye da yadda yake kallon dokin. Baba ya ce mana maigidansu, in ya ga yaro ya shigo da ɓacin rai, ko an yi faɗa a gida ko an zage shi a hanya, ba ya barinsa ya kusanci turke. Sai ya ce ya je ya wanke fuska ya zauna a inuwa tukuna, ya tambaye shi me ya faru, ya saurare shi har ya huce. In yaro ya faɗi, ba a yi masa dariya a gaban maigida, kuma ba a dukan dokin. Tambayarsa za a yi: kafin ya yi tutsun, ina kunnuwansa suke kallo? Me ka yi da ƙafarka? Washegari a sake ɗora shi a kan goɗiya mai sanyin hali, a riƙe masa ragama. To don Allah, wannan da abin da ake biya a tsibiri, ina bambancin?

Bahaushe ma ya riga ya tattara darasin cikin kalma biyu. In mutum ya fusata ya yi aika-aika, cewa muke ya hau dokin zuciya. Dokin nan ba shi da linzami, kuma ƙarshen tafiyarsa da-na-sani ne. Ƙa'idar barga ita ce mutum ba ya hawa doki biyu a lokaci ɗaya: sai ya sauka daga na zuciya kafin ya hau na turke.

Abin da malamai suka riga suka gani

Waɗanda suka zauna gaban malam za su tuna cewa cikin Ihya'u Ulumiddin na Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, akwai littafi guda a kan riyalar rai, wato horar da zuciya da gyaran hali. Ita kalmar riyala a asalin Larabci horar da duƙushi take nufi, a saba masa da ragama da sirdi sannu a hankali har ya miƙa wuya. A wani wurin kuma ya kwatanta hankali da mahayi mai farauta, sha'awa ita ce dokinsa, fushi kuma karensa, ya nuna farauta ba ta kyau sai mahayin ya ƙware kuma dabbobin biyu sun horu. Har kalmar siyasa da muke ta faɗa a kanta, tushenta kula da doki ne, shi ya sa Larabawa ke kiran ɗan barga sa'is. Wato tun asali, wanda ya iya lallashin dabba mai ƙarfi ba tare da ya karya ta ba, shi ake ganin zai iya jan ragamar mutane.

A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa an ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana goge fuskar dokinsa da mayafinsa. A Buhari kuma akwai labarin daren da aka ji wata ƙara a Madina mutane suka firgita, ya riga kowa fita a kan dokin Abu Ɗalha babu sirdi, ya dawo yana kwantar wa mutane hankali. Dokin nan an san shi da nawa, amma a ƙarƙashinsa ya yi gudun da ya ba da mamaki. Mun kawo waɗannan ne don a ga cewa tausasa wa doki da natsuwar mahayi ba baƙin abu ba ne da aka shigo mana da shi jiya.

Daga fagen fama zuwa fagen wasa

A 1903 Turawa suka ci Kano da Sakkwato, bindiga mai ruwan harsashi ta kawo ƙarshen zamanin barade. Doki ya koma na ado da hawan Salla, irin Hawan Daushe da Hawan Nassarawa a Kano, da manyan tarukan daba kamar wanda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da na Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, da na bikin FESTAC a Kaduna a 1977. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan dabar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Yaƙi ya tafi, amma makarantar barga ta ci gaba, domin jahi ma ba wasa ba ne. A sako dawaki a guje a jere, a zo dab da gaban sarki a yi zamiya a tsaya cak a yi jinjina, wannan sai mahayin da dokinsa ya yarda da shi.

Katsina ta buɗe wa doki wata ƙofar. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan ƙwallon dawaki, wato folo, a Katsina a farkon shekarun 1920, ya sa 'ya'yansa da yaran fada a ciki. Ɗansa Usman Nagogo, Sarkin Katsina daga 1944 zuwa 1981, ya kai matakin ƙwarewa na bakwai a ma'aunin wasan, matakin da har yau ake ba da labarinsa a Afirka. Jikansa Janar Hassan Usman Katsina shi ma ɗan folo ne. Abin lura a nan shi ne Katsinawa ba su ɗauko koci daga Ingila don ya gyara musu zuciya ba. Sun ɗauki sandar Turawa da ƙwallonsu, suka ɗora a kan tarbiyyar da suka gada, suka riƙa cin kofuna a Kaduna da sauran filaye.

Yadda doki ya iso Ikko

Kurmi ba ƙasar doki ba ce. Ƙudan tsando yana sa masa sammore, ga laima da yawan ruwa. Tsohuwar daular Oyo ta yi ƙarfi da rundunar dawaki, amma daga arewa take sayo su, ta Nufe da Bargu da ƙasar Hausa, kuma masu kula da su galibi mutanen arewa ne. Wajen 1840, a yaƙin Osogbo, mutanen Ibadan sun rinjayi mahayan Ilori ta hanyar auka musu da dare, lokacin da doki ba shi da amfani. Daga nan zuwa teku, doki ya zama abin marmari, na sarakuna da manyan mayaƙa. Har yau a Ijebu Ode, a bikin Ojude Oba da ake yi rana ta uku bayan Babbar Salla, gidajen Balogun irin na Kuku a kan dawaki suke fitowa gaida Awujale.

A nan Ikko Turawa sun yi filin sukuwa, inda aka sauke tutarsu aka ɗaga ta Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960. A 1972 aka mayar da wurin Dandalin Tafawa Ɓalewa, kuma duk wanda ya wuce ta ƙofarsa zai ga siffofin fararen dawaki a sama, shaidar abin da wurin yake a da. Kulob ɗin folo na Ikoyi kuwa tun 1904 yake, maƙwabcin Obalende, tsohuwar unguwar sojojin Hausawa.

Mu namu iyayen na Agege goro ne ya kawo su. A da, fataken Gwanja suna tafiya da jakai a ƙarƙashin madugu da jagaba da uban dawaki, a yi watanni a hanya. Da layin dogo ya ratsa Agege ya kai Ibadan a 1901, kuma zuwa 1912 ana iya shiga jirgi daga Ikko har Kano, sai huhun goro ya koma cikin tarago. Zango ya cika, aka yi masallatai da makarantu, daga baya Ogba da kewaye suka cika da ma'aikatan kamfanoni da 'yan kasuwa. Muka zama mutanen goro da shanu da canji da gwari. Mun taho da malamanmu, da mahautanmu, da wanzamanmu, da sarautarmu. Barga ce ba mu taho da ita ba, don ba mu ga bukatarta ba.

Amma doki ya biyo mu ta wata hanyar. Waɗanda suka san Bar Beach kafin a cike ta da yashi a gina Eko Atlantic za su tuna samarinmu da dawakinsu suna ɗora masu shan iska a yi musu hoto. Yanzu sun koma su Elegushi da sauran bakin teku na wajen Lekki. Wasu suna bargar masu folo, inda har daga Ajantina ake kawo dawaki. Wasu kuma hayar biki da angwanci suke bayarwa. Aka kawo doki a tirela, aka kawo sirdi da jalala, aka kawo yaro. Dattijon nan mai zama a inuwa yana kallon fuskar yaro kafin ya bar shi ya kusanci turke, shi ne ba a sa a motar ba.

Abin da rashinsa ya jawo

Yau yaro zai sauka daga motar shanu ranar Litinin, ranar Asabar an miƙa masa ragama an ce da yamma ya kawo balas. Bai taɓa yanka wa dokin nan ciyawa ba, bai san abin da ke firgita shi ba. Shi kansa yaron a firgice yake: ga baƙon gari, ga yaren da bai iya ba, ga 'yan karɓar haraji, ga tsoron maigida. Babu wanda zai faɗa wa, don a wurinmu namiji ba ya cewa yana jin tsoro. To tsoron da aka haɗiye ba ya ɓacewa, ta hannu yake fita, ya zama fizga da bulala. Wasu kuma sai su nemi ƙarfin zuciya a ƙwaya. Sakamakon muna ganinsa: dawaki ramammu masu gyambo a gadon baya suna kiwo a bola, yara masu karaya, da baƙin jinin da ake shafa wa dukkanmu in doki ya banke ɗan wani. Ko a gida ma abin ya taɓa, don hukumomi a Kano sun sha hana kilisa da hawan angwanci a cikin gari saboda ɓarnar da ake yi.

Kada kuma mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da tsanani ƙwarai, a hannun mara tausayi yana yaga baki. Ƙaimi da kaifin likkafa sun huda cikin dawaki da yawa. Kuma da yawan waɗanda suka yi wahalar barga a gidajen sarauta bayi ne, ita kanta sarautar Shamaki ta bayin sarki ce. Ba kowane maigida ne irin na Baba ba. Su ma Turawa sun daɗe suna karya doki da duka kafin su dawo kan lallashi. Sai a 1989 Sarauniyar Ingila ta gayyaci wani Ba'amurke, Monty Roberts, zuwa fadar Windsor don ya nuna yadda ake sa wa duƙushi sirdi ba tare da bulala ba, daga nan hanyarsa ta bazu.

Don haka kowane ɓangare yana da abin da zai ba ɗaya. Abin da masu sabuwar sana'ar nan suka fi mu shi ne sun ba mutum damar ya buɗe baki ya ce ina jin tsoro, ba tare da an kira shi rago ba. Abin da barga ta fi su kuwa shi ne shekarun hidima. Sabo da doki ba ya samuwa a zaman awa ɗaya a mako. Yana samuwa ne a wurin wanda ya kawo ruwa da asuba har dokin ya san takunsa, ya yi masa haniniya tun kafin ya shigo.

Abin da za mu iya yi

Ba mu da filin gina barga a Ogba ko Agege, ko wurin ajiye mota ma faɗa ake yi a kansa. Amma dattawan da suka yi wannan makaranta ba su ƙare ba. Suna nan cikinmu, wani yana gadi, wani yana kasa goro, wani yana jiran shago, ba wanda ya taɓa tambayarsu abin da suka sani. Muna roƙon shugabannin unguwa da fadar Sarkin Hausawa su nemo su, a haɗa su da samarin da ke aikin doki ko da sau ɗaya ne a wata, bayan La'asar, a zauna a yi hira. Yaro ya faɗi abin da ke damunsa da dokinsa da maigidansa, babba ya saurara kafin ya yi faɗa.

Masu ba da hayar doki kuma, ku ji tsoron Allah. Kada ku ɗora wanda bai taɓa hawa ba sai da mai riƙe masa ragama, kamar yadda sarki da kansa ba ya fita sai da zagage. A sa hular kwano ko da a ƙarƙashin rawani ne, a kuma kauce wa bakin titi. Dokin da ya rame ko ya yi gyambo a huta da shi a nemi likitan dabbobi, ga su nan ba nisa wajen mayankar Oko-Oba. Iyaye, in yaro ya nace yana son doki, kada a kashe masa sha'awa, amma a ce ya fara daga inda kakanninsa suka fara, ya yi wata guda yana ba da ruwa da share wuri. In ya jure, mahayi ne. In ya gudu, hoto yake so, kuma an huta.

Makon jiya mun sake komawa wurin yaron nan, mun tafi tare da Baba. An cire masa ɗauri, amma ya rantse shi da doki har abada. Baba bai yi masa gardama ba. Ya tambaye shi me ya ji a ƙirjinsa lokacin da aka danna hon ɗin, yaron ya yi shiru, can ya ce tun kafin a ɗora shi gabansa ke faɗuwa, kunyar abokai ce ta hana shi faɗa. Baba ya ce, "To ɗana, ai dokin ya riga ka faɗa." Sun yi alkawari in ya ƙara jin ƙarfi za su je wurin dokin tare, ba don hawa ba, bokitin ruwa kawai zai kai masa ya tsaya har ya sha.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya jiƙan magabatanmu da suka yi wannan hidima ba a rubuta sunayensu ba, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar duk mai rai da aka sa a hannunmu. Amin.